Layu Bakwai a Jakar Aina'u

Duk wanda ya yi aiki a kamfanonin fata na Challawa cikin 'yan shekarun nan ya san Aina'u mai almakashi. In bai san fuskarta ba ya ji sunanta, kuma ba a bakin alheri ya ji shi ba. Wai mayya ce. Matar da ta shekara goma sha ɗaya a tsaye tana datse gefen fata, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba sai in an taɓa mata almakashi, wai ita ce mayya! To ga yadda aka yi.

A wani ƙauye bayan Panshekara aka haife ta, tun ruwan kogin Challawa bai fara canja launi ba. Ubanta manomin rani ne, albasa da tumatir. Ta gama firamare, ta yi Islamiyya har ta sauke, saboda haka hannunta ya iya boko ya iya ajami. Amma abin da aka fi saninta da shi tun tana ƙarama baki ne. In Aina'u ta fara labari, tuwo sai ya huce a kwano ba a sani ba.

Ta auri Habibu, wanda ta zaɓa da kanta, ɗan lodi a manyan sito na Bompai. Siririn mutum ne, amma buhu biyu yake ɗauka a tashi ɗaya, abokan aikinsa suna masa kirari. Ba wanda ya tambayi inda ƙarfin yake fitowa. Ita ta sani, don ita take share fankon kwalin ƙwaya daga ƙarƙashin katifa, irin wadda ake sayarwa a bakin ƙofar kamfanoni a ce maganin gajiya ce. Da ɗaya ya fara a cikin shayin safe, ya koma biyu, ya koma huɗu. Sai faɗuwa ta zo, yana shure-shure yana kumfa. Daga baya ƙoda ta tsaya. Ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Danginsa suka ce jifa aka yi masa saboda an ga Allah ya ba shi ƙarfi. Aina'u ta ji su, ta rufa wa mamaci asiri.

Da ta fita takaba ta sami aiki a wani kamfanin jima a Challawa, a sashen mata. Aikin ba wuyar fahimta. Fatun awaki da tumaki suna zuwa teburinsu da sauran danshi, a ɗaga kowace ga haske, a datse gefenta, a ware mai kyau da mai tabo. Babban abin da ake dubawa shi ne tabon kaska, 'yan ƙananan huji-huji inda ƙwaron ya maƙale wa dabba yana shan jininta tana raye. Aina'u ta sha gaya wa sababbin zuwa cewa akuyar da kaska ta sha, a kasuwa lafiyayya za ka gan ta, sai an jeme fatar ake ganin ɓarnar. Almakashinta nata ne na kanta, baƙi, mai nauyi, ta naɗe hannunsa da jan ƙyalle. Ba ta ara, ba ta bayarwa.

Wata Juma'a ƙanenta Kamilu, mai gyaran waya, ya zo gaishe ta a gidan da take haya a Gaida. Ya zauna a tabarma ya duƙufa a kan waya, ko ruwan da aka kawo masa bai kalla ba.

"Kai Kamilu, ƙato da kai, da gemu da iyali, kana wasan yara?"

"Yaya, wannan ba na yara ba ne. Zo ki gani. Wannan jarumin ni ne, ni na zaɓa masa suna da makami. Kin ga baƙin abin nan a wuyansa? Shaiɗani ne na cikin wasan. In ka yarda ya maƙale maka sai ya ba ka ƙarfin mutum goma. Amma duk sara ɗaya da ka yi, sai ya zuƙi jininka."

"In jinin ya ƙare fa?"

"Sai ka mutu, ka sake sabon wasa."

"Ka sake sabo," in ji Aina'u. Ta daɗe tana kallon gilashin wayar. "Ba a cire shi?"

"Ana cirewa. Amma wa zai cire? In ka cire ka koma kamar kowa."

Ranar ba ta sake yi masa tsiya ba. Ta sa shi ya nuna mata komai, yadda ake auna ƙarfi da wayo, yadda jini yake raguwa. Wayarta 'yar ƙarama ce mai tocila, ba ta ɗaukar irin wannan. Sai ta ce ai ba sai da waya ba, tunda tana da baki.

Ta ɗauki ɗan lidon 'ya'yanta, ta tara marfin lemo, ta yanka takardu. A hutun azahar, in an kashe injuna, matan sashensu sukan zauna a inuwar darbejiya bayan sito su ci abinci. Nan ta fara. Kowace mace jaruma ce da za ta ratsa wani kangon gari da Aina'u ta sa wa suna Birnin Toka. Ita ce mai labari. Ita za ta ce ga karyayyar gada a gabanku, ga kura mai kai uku a bayanku, me za ku yi? Mace ta faɗi dabararta, ta jefa ɗan lido, abin da ya fito shi zai nuna ko ta yi nasara. Kowace tana da marfin lemo goma, shi ne jininta. Shi kuma shaiɗanin, Aina'u ba ta sha wahalar nema masa suna ba. Ta ce Kaska. Girmanta kamar goro, a ƙeya take maƙalewa. Wadda ta karɓe ta, duk abin da ɗan lido ya ba ta sai a ninka, amma ta miƙo marfi ɗaya.

Kafin wata ya ƙare mata bakwai suka zama 'yan gida. Manya-manyan mata, wasu da surukai, sai ka ji suna ihu saboda an fito da shida. Kowace Aina'u ta zana mata takardarta: suna a sama, sai gida-gida murabba'i, wannan na ƙarfi, wannan na wayo, wannan na jini, da lamba a cikin kowane. Da yake huɗu daga cikinsu 'yan Jigawa ne da Nijar waɗanda ba su yi boko ba, sai ta rubuta duka da ajami, lambobin ma na Larabci. Wurin aikin nan kuwa ko'ina ruwa ne. Takardun farko suka jiƙe suka narke. Sai ta ninke sababbin ƙanana, ta naɗe kowace da guntun fatar da ake zubarwa, ta ɗaure da zare. Su da kansu suka riƙa dariyar abin. In an zauna sai ka ji mace ta ce, "Yaya Aina'u, miƙo min layata." A yi dariya a kwance zare.

Hajiya Safiyatu, shugabar matan sashen, ba ta taɓa zama ba. In ta wuce sai ta taɓe baki ta ce, "Ku dai ku yi ta kiran sunan shaiɗan da tsakar rana." Ba ta kuma taɓa matsowa ta ga abin da ke cikin tabarmar ba.

Wadda ta fi kowa son wasan ita ce Badi'a, 'yar wajen Ringim, shekararta ashirin da bakwai, 'ya'ya uku. Mijinta Tijjani, wanda take kira Baban Khadijat, yana aiki a wani kamfanin buhu nan kusa. Yarinya ce mai fara'a da surutu, ga zafin nama. Tana haɗa aikin safe da na yamma, ta tashi tana tsalle kamar ba ta yi komai ba. Ita ta fara karɓar Kaska a wasa.

"Ba ni ita, Yaya. Ni ba na son jan rai."

"Za ta cinye ki fa."

"Kafin ta cinye ni na cinye kurar."

Wata safiya Aina'u ta ga Badi'a ta sunkuya kamar mai gyara dogon takalmin robar da suke sawa. Ta ga ta zaro wani abu daga safar ƙafar hagu, ta ɓalla, ta kora da ruwan leda. Launin kwalin kawai Aina'u ta hanga, ta gane shi. Ta bari sai da suka keɓe a wajen famfo.

"Badi'a, nawa kike sha?"

"Me fa, Yaya?"

"Kar ki maida ni sakarya. Shekara shida ina share irin kwalin nan."

Badi'a ta waiga hagu da dama. "Biyu ne kawai, wallahi. Ranar da na haɗa aiki, uku. Don girman Allah kar Baban Khadijat ya ji. Ya sha faɗa, duk ranar da ya ga 'yar ƙwaya a ƙarƙashin rufinsa, ranar za ta bar masa gida. 'Ya'yana, Yaya."

Aina'u ta zage ta tas, ta ba ta labarin Habibu wanda ba ta taɓa ba kowa ba. Badi'a ta yi kuka ta ce za ta rage. Aina'u ta ce, "Ki rage, ki daina. Shi kuma ba zai ji daga bakina ba." Wannan alkawarin shi ya ja mata komai.

Ranar wata Laraba ce cikin tsananin zafin bazara, saura kaɗan a tashi hutun azahar. Badi'a tana ɗaga fata ga haske, sai kawai ta sandare, ta yi wata ƙara, ta zube. Jikinta ya kama karkarwa, ƙafafu suna dukan siminti, kumfa tana fita ta gefen baki. Mata suka watse suna salati. Hajiya Safiyatu ta ɗora hannu a ka tana cewa, "Iska ce! Iska ta buge ta!"

Aina'u kaɗai ta san abin da take gani, don ta gan shi a tsakar ɗakinta. Ta riga ta rataya jakarta za ta fita inuwa, sai ta ruga ta durƙusa, ta juya Badi'a ta gefe, ta tallafe mata kai. Garin haka jakar ta kife. Marfin lemo ya watsu, ɗan lido ya gangara. Sai ga ƙulle-ƙullen fata guda bakwai a kan siminti, kowane ɗaure da zare, a gaban mata ashirin da mazan da suka shigo da gudu daga ɗakin injin.

Hajiya Safiyatu ta nuna ƙulle-ƙullen da yatsa.

"Aina'u, mene ne wannan?"

"Takardun wasanmu ne, Hajiya. A nemo mota a kai yarinyar nan asibiti."

A daidai nan shure-shuren ya lafa. Badi'a tana kwance ido rufe, ba ta san inda take ba. Leɓenta ya motsa, ta kira sunan mutum ɗaya da ta yarda da shi a duk kamfanin: "Yaya Aina'u." Ta sake, a hankali: "Yaya Aina'u."

Shi ke nan. Kowa a wurin ya taso da jin cewa wanda aka kama wa kurwa, sunan mayen yake kira. Wata ta fasa ihu. Wani ƙato daga ɗakin injin ya finciko Aina'u daga jikin yarinyar kamar ya cire ƙaya.

Aka kira Malam Dalhatu, mai kula da sito, wanda yake jan salla a masallacin kamfanin. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya yi wa Badi'a addu'a ya tofa, sannan ya tsuguna ya ɗauki ƙulli ɗaya ya kwance. Aka yi rashin sa'a na Badi'ar ne. Jama'a suka leƙo ta kafaɗarsa, suka ga ajami, suka ga gida-gida da lambobin Larabci, sak hatimin da ake zanawa a laya.

"Karanta mana, Malam," in ji Hajiya Safiyatu.

Malam bai iya ƙarya ba. Ya karanta abin da ya gani. "Badi'a. Ƙarfi shida. Wayo uku. Kaska tana ƙeyarta. Jini, saura biyu."

Innalillahi! Ihun da aka yi har masu gadi sun ji a bakin ƙofa. Malam Dalhatu ya ɗaga hannu.

"Ku dakata. Mahaifina marubucin allo ne, a gabansa na girma, na san hatimi. Hatimi in ka haɗa lambobinsa a tsaye da a kwance, abu ɗaya suke bayarwa. Wannan ko kusa bai haɗu ba. Ba aya, ba sunan kowa sai na mai takarda, ba sunan uwa. Wanda ya zana wannan da niyyar asiri, ko kaza ba zai kama da shi ba."

"To ai kun ji," in ji Aina'u. "Malam, ku tambaye su. Ga su nan su shida, kullum tare muke yi. Kowace ta san takardarta."

Ta juya ta dube su. Matan nan da suka sha dariya har da riƙe ciki, waɗanda suke cewa miƙo min layata, sai ga su suna kallon ƙasa. Ɗaya ta ce, "Ita dai ta ce mana wasa ne." Wata ta shafa bayan wuyanta ta ce, "Ni dama tun da na fara nake jin ƙeyata tana min nauyi." Ta uku ta fashe da kuka tana cewa a duba nata jinin nawa ya rage. Wai a duba nata nawa ya rage! Matar da jiya-jiya da hannunta ta miƙa marfin lemo biyu don ta tsallake gada!

Aina'u ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ba zargin Hajiya ne ya kashe mata jiki ba, wannan ne.

Ana cikin haka Tijjani ya shigo a guje, da kayan aiki a jikinsa, an buga masa waya. Tun a hanya an gama ba shi labari. Ya ga matarsa a kwance, ya ga fatu bakwai a ƙasa, ya juyo kan Aina'u ido jawur.

"Ke ce? Ke da take kira Yaya? To wallahi sai kin tsallake ta."

Kowa ya san wannan al'adar. In an zargi mutum da maita, sai a sa shi ya tsallake wanda ya kama, wai ta haka kurwar take komawa. Malam Dalhatu ya ce wannan ba addini ba ne, ba a ji shi ba. Aina'u ta ce a fara kai ta asibiti, aka ce ba inda za a kai ta da kurwarta a hannun wata, a hanya za ta cika. Har wani mai hankali a cikinsu ya ce, "Baiwar Allah, in ba ki da komai, me zai cinye ki? Taku ɗaya ne."

Aina'u ta kalli ƙafar Badi'a ta hagu. Takalmin robar yana nan, kwalin yana cikin safa, taku biyu daga inda take tsaye. Magana ɗaya za ta yi: ku cire mata takalmi. Da ta faɗa, da yanzu ba wannan labarin ake ba. Amma ga Tijjani yana huci, ga maza sun fi talatin, ga 'ya'ya uku a gida. In kwalin nan ya faɗo a gaban wannan taro, Badi'a ta tashi ba aure, ba aiki, da sunan 'yar ƙwaya har Ringim. Sai Aina'u ta yi wani lissafi a ranta. Ta ce bari in tsallaka, su ga ba abin da ya canja, su kai ta asibiti, likita ya gano abin a ɗaki a rufe, ya san yadda zai gaya wa miji.

Ta tattare zaninta, ta ce bismillahi, ta tsallake. Aka ce sau uku. Ta yi uku.

Abin da ta manta, ita da ta fi kowa sani, shi ne irin wannan faɗuwar da kanta take sakin mutum in lokacinta ya cika. Habibu ma haka yake yi, ya yi kamar rabin awa sannan ya farka yana tambayar ruwa. Ƙafar Aina'u ba ta gama sauka a karo na uku ba, Badi'a ta buɗe ido, ta yunƙura ta zauna, ta ce, "Me ya faru?"

Aka ɗauki kabbara. Wasu suka ja da baya har suna taka juna. Hajiya Safiyatu ta ce, "Kun gani da idonku." Asibitin da Aina'u ta sayar da sunanta dominsa, ba wanda ya sake ambatarsa. Ai ta warke, me za a je yi?

Aka gaya wa Badi'a abin da ya faru, a gaban Aina'u. Aina'u ta tsaya tana kallonta, tana jira. Badi'a ta ɗago suka haɗa ido. Sai ta dubi mijinta, ta janyo ƙafarta ta hagu ta ɓoye a ƙarƙashin zani, ta sunkuyar da kai.

Aka ƙona takardun bakwai a bayan sito, a gindin darbejiyar. Kafin la'asar manaja ya kira Aina'u ofis. Ya ce, "Ni ban yarda da maita ba. Amma mata goma sha tara sun ce ba za su tsaya tebur ɗaya da ke ba, ke kuma ke ɗaya ce." Ko sashen ba a bar ta ta koma ba. Almakashinta yana can a kan tebur, ba mai taɓawa.

Labari ya riga ta isa Gaida. Maƙwabtan da suke aiko a sam musu gishiri suka daina. In ta fito, uwa ta fizge ɗanta ta ce kurwata kur. 'Yarta Hafsat ta dawo daga Islamiyya ta ce bencinsu ya zama nata ita kaɗai. Aina'u ta sami wani aikin a Sharada, wajen masu tsince roba, ta yi kwana tara, a na goma labarin ya sauka daga motar ma'aikata, aka sallame ta. Kamilu ya ɗauki wayarsa ya je har Challawa don ya nuna musu wasan da idonsu. Masu gadi suka hana shi shiga, ɗaya ma ya ce ashe abin na gida ne. Ya dawo yana cewa, "Yaya, ni na ja miki." Ta ce, "Kai ka haɗiya mata?" Daga nan ba ta ƙara ba, ya tambaya ya gaji.

Bayan sati shida Badi'a ta sake faɗuwa, wannan karon a cikin adaidaita sahu, a hanyar gida, wajen Sharada. Direban baƙo ne, bai san wata Aina'u ba, bai san labarin layu ba. Ya yi abin da duk mai hankali zai yi, ya wuce da ita asibiti kai tsaye. Tijjani yana tsaye a bakin gado lokacin da nas ta zare mata safa, kwali biyu suka faɗo. Likita ya ɗauka ya duba, ya tambaya tun yaushe. Da Badi'a ta farka ta faɗi komai, har da maganar wajen famfo.

Ranar Asabar da hantsi Tijjani ya yi sallama a ƙofar Aina'u, Malam Dalhatu yana bayansa. Ya tsuguna a zaure, ya kasa ɗaga kai.

"Yaya, me ya sa ba ku faɗa ba?"

Yau ita ce ku, ba ke ba. Aina'u ta dube shi sama da ƙasa. "Da na faɗa ranar, a gaban mutanen nan, me za ka yi mata?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"To ka ji. Yanzu tana ina?"

"An sallame ta. Tana ɗakinta. Likita ya ce an tari abin da wuri."

"Ɗakinta na gidanka?"

"Na gidana."

"To tashi, na yafe maka. Amma ba a zaure ka ɓata ni ba."

Ya fahimta. Ranar Litinin bayan sallar azahar ya tsaya a masallacin kamfanin fatar ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya aka yi wa matar nan, ciwon matarsa na asibiti ne, ƙwaya ce ta jawo shi, shi ne ya tilasta mata tsallake bisa jahilci. Malam Dalhatu ya ƙara da nasa. Ai sai a ce magana ta ƙare, ko? Ina! Tun ba a gama sa takalma ba wani yake cewa to waye ya sa wa yarinyar son ƙwayar? Wata kuma ta ce ita dai abin da ta gani da idonta ta gani, ana tsallakewa aka tashi. Manaja ya ce ya ji daɗi ƙwarai da gaskiya ta fito, sai dai an riga an sa wata a gurbin.

Daga cikin matan shida ba wadda ta tako. Hajiya Safiyatu ce ta zo, bayan kwana huɗu, da yamma. Ta tsaya daga bakin ƙofar ɗaki, ta yi gaisuwa doguwa, ta ce sharrin shaiɗan ne, a yi haƙuri, kowa yana kuskure. Hafsat ta kawo mata ruwa a kofi ta ajiye a gabanta. Sannan Hajiya ta ce ga kayanki na kawo miki, ta zaro almakashin nan baƙi mai jan ƙyalle.

Aina'u ta miƙa hannu, sai ta tsaya. Hajiya ba da hannunta ta riƙo shi ba. Ta naɗe yatsunta da gefen hijabi, ta kama can ƙarshen bakinsa da yatsa biyu, ta miƙo shi nesa da jikinta.

"Hajiya, ku ajiye a ƙasa," in ji Aina'u. "Kar ku wahalar da hijabinku."

Hajiya ta ajiye, ta ce magariba ta kusa, ta juya da sauri. Aina'u ta ɗauki almakashin, ta goge ƙurar sati bakwai da bakin zaninta, ta gwada shi a kan wani guntun ƙyalle. Yana nan da kaifinsa. Ruwan da aka kawo wa baƙuwa yana nan a cike, ko taɓa kofin ba a yi ba. Ta ɗauka ta shanye.